Ranar Da Na Kusa Gasa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da Juma'ar da na kusa gasa surukina a falona a Goronyo.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, irin malaman nan da ba a gama yi musu bayani sai sun ce sun sani. A bazarar da nake ba ku labari zafi ya wuce misali. Baban matata Luba, manomin albasa ne a Taloka, hawan jini ya sa shi gaba har ya yanke jiki ya faɗi a gona. Likita ya ce a raba shi da rana har damina ta sauka. Luba ta yi roƙon duniya ya dawo wurinmu, tsoho ya ce shi ba ya zaman gidan suruki. Sai na bugi ƙirji na ce a bar mini shi. Zan sa esi, na'urar sanyaya ɗaki, a falo, in ya ɗanɗana sanyi da kansa zai nemi zama.

Na samo esi 'yar gwanjo daga ƙasar Turawa. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, don haka aka jona ta da solar gidan. Mai haɗawa ya gargaɗe ni cewa abar nan ci gare ta, kuma duk yadda zafi ya ƙaru haka cinta ke ƙaruwa, batirana ba za su jure mata dogon yini ba. Ya ɗauko rimot zai nuna mini, na katse shi da cewa ni nake koyar da wannan a aji. Bawan Allah ya juya ya nuna wa Luba.

Bayan sallar Juma'a Baba ya iso da babbar riga da rawani, wai leƙo mu kawai ya zo yi. Na kashe firij, na kashe fanka, don duk wutar ta tafi ga esi. Na rufe tagogi, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Da na dubi rimot sai na ga ashirin. Ashirin kacal ga babban baƙo? Na danna har talatin, inda ta tsaya. Sannan na ga alamomi: wata kamar saƙar gizo, wata ɗigon ruwa, wata kuma rana. To, ai lokacin rana muke, na zaɓi rana. (Har a raina na yaba wa Turawa da hikima.)

Muka zauna a kan darduma na buɗe karatu. Na yi masa bayanin yadda duniya ke ɗumama, yadda kowane gida zai koma neman esi, yadda wutar da ake da ita ba za ta ishe mu ba. Baba yana gyaɗa kai, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ya kwance rawani. Can ya cire hula. Ni ma rigata ta manne da bayana, amma na ce a raina esi ƙarfi take tattarawa.

"Kun ji zahin bana ko, Baba?" na ce.

"Lalle hwa, Malam," ya ce a hankali. "Amma waje da ɗan dama."

Kunya ta hana shi ƙorafi, girman kai ya hana ni tambaya. Haka muka yi ta dahuwa cikin ladabi har Luba ta turo ƙofa da kwanon fura. Ta tsaya cik.

"Malam, mi anka dahwa cikin ɗakin ga?"

Ta ɗaga hannu saitin esi, ta janye da sauri, ta karɓi rimot.

"Mi kat taɓa? Wagga alama ta hunturun Turawa ta, ɗumama ɗaki takai."

Ta danna saƙar gizon. Wata iska mai daɗi ta taɓa mu sau ɗaya, sai na'urar sola ta yi ƙara, komai ya ɗauke. Esi ta lashe batir kaf tana gasa mu. Babu fanka, babu ruwan sanyi, furar ma da ɗuminta.

Muka fito gindin darbejiya. Luba ta yayyafa ruwa a ƙasa, tana yi wa babanta fifita ba ta ko dube ni ba. Na tsuguna gefe ina jiran ya ce a kira mai babur. Tsoro ya kama ni sosai, domin in ya koma gona ya sake faɗuwa, ni ne sila.

Baba ya shanye furarsa, ya goge baki.

"Luba, a aika Taloka a ɗauko min kayana."

Na ɗago kai da murna.

"Ba don sanyi ba, Malam. Ba ni iya barin ɗiyata hannun mutumin da ka dahwa mutane da ransu, shina yi musu karatu."

Ya zauna da mu har ruwan farko, lafiyarsa ƙalau, rimot kuma a ɗaure a bakin zanen Luba. Har yau ina koyar da ɗumamar duniya. Sai dai in na zo inda ake cewa ɗan Adam ne ke jawo ta da hannunsa, ba na buƙatar duba littafi.