Fararen Duwatsun Si Bujama

Duk wanda ya ce Allah bai yi wa kwarinmu baiwa da manyan mutane ba, bai yi zamani da Si Bujama ba. A ƙauyenmu aka yanke cibiyarsa, amma ya sauka Marrakish ya yi aiki a wani babban otal, ya dawo da kwat mai maɓallai masu ƙyalli, da takalmi mai tsini, da wani kallo da ake yi wa jama'a ta saman hanci. Mahassada sun ce jakunkunan baƙi yake ɗauka a can. Shi kuwa ya ce harkar manyan baƙi yake yi. Adalci ya wajabta mu yarda cewa maganganun biyu ba su saɓa wa juna ba.

Da ƙanƙara ta narke a Dutsen Tubkal, masu hawan dutse suka fara tahowa, sai Alhaji Iddar, mai masaukin da ke can sama cikin gandun gwamnati, ya ɗauke shi aikin bazara. Alhaji tsoho ne mai ciwon gwiwa, mazaunin birni, ya kuma ce idan ya hau a ƙarshen bazara zai zaɓi wanda zai riƙe masaukin dindindin. Wannan kujera Si Bujama ya sa a gaba. Tun ba a ba shi ba ya naɗa kansa Darakta.

Mota ba ta zuwa masaukin. Gari da tukunyar gas da jakar baƙo, duk a bayan alfadari suke hawa. Al'adar da aka gada ita ce, wanda ya kawo kaya ya sauke a bakin ƙofa, ya shiga a ba shi shayi da burodi da man zaitun. Darakta ya yi nazari ya gano cewa nan ne tushen ci bayanmu. Ya tara ma'aikata ya ce: "Baƙo iska ya zo shaƙa. Alfadari yana ɓata iska. Mai alfadari kuwa, a wurin hanci, da shi da dabbarsa abu guda ne. Saboda haka daga yau babu shayi ga mai dako, kuma kofato ba zai ƙetare iyakar da zan shata ba."

Hujja ce ginanniya, ba ta rasa komai ba sai hankali. Ya shafa wa duwatsu farin fenti ya jera su a bakin fili. Ran da wata baƙuwa ta bar shi tsaye cikin kwat ta ɗauki hoton alfadari, sai ya gangara da duwatsun har bakin rafi, ƙasan hawan nan mai sa ƙato haki.

Baba Hammu, dattijon masu alfadarai, wanda a kan dabbarsa aka kai uwar Darakta ɗakin miji, ya hau ya roƙe shi ya sassauta. Darakta ya amsa masa da Faransanci. Dattijo ya juya ya gangaro. Ranar Juma'a, bayan an idar da salla, masu alfadarai suka yi rantsuwa a gaban liman cewa kofatonsu ba zai wuce fararen duwatsun ba sai ƙanƙara ta sake sauka. Daga ranar a bakin rafi suke jibge kaya, ma'aikata su yi ta jido a ka, Darakta yana tsaye a sama yana hura usur. Gwano ba ya jin warin jikinsa: ya kira wannan tsari na zamani.

Ranar zuwan Alhaji, Darakta ya jera ma'aikata a ƙofa, ya haddace jawabi. Rana ta take, babu Alhaji. Sai Inna Ijja, mai dafa abinci, ta leƙa ƙasa ta ce ga mai gida can an sauke shi a bakin rafi tare da buhunan gari.

Darakta ya gangara a guje, takalmi mai tsini yana zamewa. Ya tarar da Alhaji zaune a kan dutse yana matsa gwiwa. Nan take ya shiga shurin fararen duwatsu yana shelar cewa ya soke dokar.

Baba Hammu ya kira shi da sunan uwarsa, ya ce, "Ɗan Fadma, doka taka ce, soke abarka. Rantsuwa kuwa tamu ce."

Alhaji haifaffen tsaunin nan ne, ya san ba a roƙon mutum ya karya rantsuwa. Ya dubi hawan, ya dubi gwiwarsa, sannan ya dubi faffaɗan bayan Darakta. Ya ce, "Durƙusa, ɗana."

Gaskiya ba ta da daɗin ɓoyewa: Si Bujama ya yi goyon nan da gwaninta. Bai yi tuntuɓe ba, bai jijjiga tsohon ba, a nan kowa ya tabbatar da ilimin da ya samo a Marrakish. Baƙi suka fito suka yi ta ɗaukar hoto, burinsa ya cika.

Da aka sauke Alhaji a ƙofa, ya ce tun yana yaro yake hawan alfadarai, bai taɓa samun mai taushin tafiya irin wannan ba, kuma zalunci ne a ɗaure irin wannan baiwa a kan kujera. Ya miƙa wa Inna Ijja makullan masauki. Si Bujama kuwa, Alhaji ya ba shi aikin dako daga fararen duwatsu zuwa ƙofa, har ƙanƙara ta sauka.

Washegari, da ya dire tukunyar gas, gumi ya jiƙa kwat, ya nemi shayi. Inna Ijja ta ce, "Ayya, Darakta. Iyakar kofato ka soke jiya. Dokar shayin mai dako tana nan."