Nomau da Ruwan Azurfa

Ka taɓa ganin mutumin da ke sauraron saƙon murya ɗaya sau ashirin, ba don bai gane ba, sai don ba shi da wani mai yi masa magana? To, haka Nomau yake. Gidansu ne na ƙarshe a Unguwar Tsamiya, daga shi sai gonaki. Su biyu ne a ciki, shi da mahaifiyarsa Iya Tabawa, sai akuya guda. Yayansa Bashari yana birni, shekara uku bai tako garin ba, sai dai saƙo ta waya. Kuma duk abin da Bashari ya faɗa, Nomau ba ya ƙari, ba ya ragi.

Da tari ya yi wata biyu a ƙirjin Iya har ta fara ramewa, Bashari ya aiko direba da ƙunshi: batir, wayoyin wuta biyu, da kwalba. Wai ya gani a bidiyo, in aka tsoma azurfa a ruwa aka jona mata wuta, ɓurɓushinta da ido ba ya gani zai bazu a ciki, ruwan ya zama maganin kowace cuta. Iya ta zare awarwaronta biyu na azurfa, na aurenta, ta miƙa.

Wata rana saƙo ya zo: "Ka samo ruwan da babu komai a cikinsa." Tataccen ruwa yake nufi, don gishirin da ke ruwan rijiya yana kama azurfa ya mai da ita farin ƙasari. Nomau ya ɗebo na rijiyarsu ya leƙa, sai ya ga fuska. Ya zubar. Ya je ta masallaci, ya je rafi, duk fuskar nan ce.

"Iya, kowane ruwa da mutum a ciki."

"Kai ne, Nomau."

"To ai ni ma komai ne."

Daga ƙarshe sai ya runtse ido ya ɗebo, ya rufe da faifai kafin mutumin ya shiga.

Wata rana kuma aka ce: "Kada ka yarda awarwaron biyu su taɓa juna." Nomau ya sa ɗaya a kwano a zaure, ɗayan a ƙwarya can bayan rumbu, ya zauna a tsakiya da batir a cinya daga hantsi har la'asar. Wuta kuwa ba ta tsallake tsakar gida, sai su biyun suna ruwa ɗaya take bi. Iya ta leƙo daga ɗaki.

"Ka raba su da nisa haka?"

"Yaya ne ya ce."

"Ai ya iya," in ji ta, ta koma ta kwanta.

Wata rana, bayan Bashari ya yi faɗa an haɗa su a kwalba ɗaya, ya ce: "Kada ka bar wurin sai ruwan ya canja launi." Akuya ta tsinke ta shiga zaure, tana cin zangarniyar gero a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Nomau yana kallo, yana lallashinta daga zaune.

"Haba baiwar Allah, ki jira ruwan ya canja mana."

Ba ta jira ba. Ruwan ya yi fari, sannan ya yi toka-toka, awarwaron Iya suka yi baƙi. Rabon da Nomau ya yi doguwar hira irin ta ranar nan da wani mai rai, har ya manta.

Wata rana Bashari ya ga hoton kwalbar, launin bai yi masa ba. Ya ce: "Kafin ta sha, ka kai wa wanda ya san magani ya duba. Kuma kada ka bar Iya ita kaɗai." Mai kemis na bakin kasuwa yake nufi, tafiyar minti goma. Amma Nomau ya tsaya wajen mai kemis ya tambaye shi ko shi ne ya san magani, mutumin ya yi dariya ya ce, "Ni sayarwa nake yi." Sai Nomau ya tuna an ce kada ya bar Iya ita kaɗai, ya koma gida, ya ari kurar ɗaukar kaya, ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya ɗora Iya, ya ba ta kwalbar ta riƙe, ya tura ta har asibitin gunduma.

Malamar asibiti, Sista Rahila, ta ɗaga kwalbar ta juya ta.

"Wa ya sha?"

"Babu. Ba a duba ba tukuna."

"Allah ya taimake ku. Wannan ba ya maganin tari. Wanda ya daɗe yana sha, azurfar takan taru a fatarsa ya koma ruwan toka, kuma ba ya wankuwa."

Tana cikin magana Iya ta yi tari. Sista ta ajiye kwalbar, ta dube ta da kyau, ta sa aka gwada majinarta. Tarin fuka ne. Aka ba ta magani na wata shida, aka ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

"Ka kira 'yan gidanku duka su zo a gwada su," in ji Sista.

Nomau ya danna waya. Karo na farko ke nan da shi ne ya ba da umarni: "Yaya, an ce duka. Kai ma ɗan gidanmu ne."

 Can amsa ta zo: "Ka jira ni a bakin titi. Ina nan tafe."

Bai faɗi rana ba. Don haka kullum da safe, in Iya ta sha maganinta, Nomau yakan tura ta a kura zuwa gindin tsamiyar bakin titi, tunda an ce kada ya bar ta ita kaɗai. Tana goge awarwaronta da toka, shi yana miƙewa duk motar da ta rage gudu. Yau kwana tara.

In hanya ta bi da kai ta can, ka tsaya ka gaishe su. In kuma kai ne mai tsohuwa tana tari a gida, kada ka aika kwalba. Ka hau mota.