Buhun Gero Mai Rubutu

Kuɗin buhun gero ɗari biyu na zuba a kirifto, kuɗin nan na intanet, ni da na fara sana'a da tiya ɗaya a kasuwar Azare. Kullum bayan la'asar nakan kishingiɗa a kan buhuna, lambobi na hawa a waya, ni kuma ina hango tirelolina jere a hanyar Dambam. Har fenti na zaɓar musu.

Wata rana Mista Bitrus, ma'aikacin haraji da ke awo a wurina, ya ce, "Alhaji, yanzu fa wanda ya sayar da kirifto ya ci riba, gwamnati na da kasonta."

Murmushi kawai na yi. Ɗan hatsi ai ya san yadda ake kawar da kaya daga ido. Na kwashe kuɗin zuwa asusun da kalmomi goma sha biyu kaɗai ke buɗewa. Takarda takan ɓace, don haka na rubuta su a jikin wani buhu can ƙuryar sito, yadda muke yi wa kaya shaida.

Ranar kasuwa ciniki ya yi daɗi, sito ya koma wayam. Da hannuna na ɗora buhun nan a motar wani baƙo. Sai da na zo kishingiɗa na tuna.

Labari ya bazu a kasuwa. Har yau in Bitrus ya zo awo sai ya leƙa sito ya ce, "Alhaji, mai rubutun nake so."

Haraji dai ban biya ko kwabo ba. Buhu ɗari biyu kuwa na sayar da su a kuɗin guda, har da ragi.