Na-Hango Ya Samo Mai Rauni

Allah ya yi wa unguwarmu gata ranar da ofishin kula da bala'o'i ya turo mana Malam Na-Hango. Gwani ne, yana ganin ambaliya tun tana cikin gajimare. Duk abin da ya faru, in ƙura ta lafa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai na hango." Haka sunan ya bi shi. Hular kwano ba ta barin kansa ko a ƙarƙashin fankar ofis, domin kai irin nasa dukiyar ƙasa ce.

Aikinsa bai da wuya: ya duba kwalbatin bakin layinmu, ya kuma gano ko akwai masu rauni a unguwar. In akwai, a gyara kafin damina. In babu, mu sha ruwa. Kowa ya san masu rauni su ne tsofaffi da marasa ƙarfi, waɗanda in ruwa ya taso ba su iya gudu. Kowa ban da gwani. Shi a zurfin iliminsa, rauni sai da jini da bandeji.

Ya tara mu, ya yi gyaran murya. "Jama'a, ni ba na aiki da jita-jita, kimiyya nake yi. Duk mai rauni ya naɗe hannun riga!"

Tela ya nuna inda allura ta soke shi, aka ce ya warke. Mahauci ya miƙa yatsa, aka ce tabo ne, tabo kuwa tarihi ne. Sai Iya ta dogaro sandarta, tsohuwar da ɗakinta ke jingine da kwalbatin, wadda bara a goye aka fito da ita cikin ruwa.

Ta ce, "Ɗan nan, ni fa ko tsakar gida sai na huta kafin in ƙetare."

Ya juya hannuwanta gaba da baya. "Iya, ko ƙwarzane babu. Ki gode wa Allah, garau kike!"

Wallahi raina ya ɓaci, amma wa ya isa ya gyara wa mai hular kwano magana? Girman kai rawanin tsiya.

Daga nan ya haye kan kwalbatin. Tsagar da hannu ke shiga ya kira ta "ƙofar numfashin siminti". Ya buɗe murya: "Na bincika, na auna, na hango! Unguwar nan babu mai rauni ko ɗaya, kwalbatin nan kuwa jikokinku ma sai sun gaje shi!" Ya buga ƙafa don jaddadawa.

Rugum! Kwalbati ya rufta da shi, jawabi ya koma ƙasa, muna jin ƙarashensa daga cikin kwata: "Wayyo ƙafata!" Hular kwano kaɗai ta tsira, tana juyi a bakin rami.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ga jini, ga karaya, ga bandeji, duk yadda kimiyya ta tanada. A baro muka kai shi asibiti. Ofis ya ji jami'insa ya karye, kafin hadarin farko magina sun gama sabon kwalbati. Bana Iya a ɗakinta ta ga damina, ƙafarta a bushe.

Shi kuwa daga gadon asibiti yana shaida wa masu dubiya cewa da gangan ya yi, sabon salon gwaji ne. Mun yarda. Unguwannin maƙwabta ma sun yarda. Ga wakilansu can a bakin ɗakinsa, kowa na roƙon in ya warke ya je ya yi jawabi a kan gadarsu.