Rasuwar Mariƙin Waya, Jagoran Babur Ɗina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu ƙaurin ƙonanniyar roba, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'ar kai saƙo rasuwar mariƙin wayar da ke kan babur ɗina, wanda ya cika a tsakiyar shatale-tale bayan jinyar da aka so yi masa gata da ita.

Marigayi mai amana ne. Idan na saka masa waya sai ya ce "ƙyas", ya rungume ta, ko rami muka faɗa ba ya saki. Ni baƙo ne a garin nan. Ban da hanyar gida zuwa shagon maigidana, babu lungun da na sani. Shi ke ɗaga min taswira daidai idona, in kai kaya a kan lokaci, har maigida yana yabona wai na san gari kamar tafin hannuna. Marigayi yana ji, bai taɓa tona min asiri ba.

Ciwonsa ya fara ne daga tsufa. Hannunsa na hagu ya saki, na ɗaure masa da robar tsohon tib, ya ci gaba da aiki yana "kirr, kirr" a kan tsakuwa. Da haka ma da mun lallaɓa. Sai dai cajin wayar ba ya kai azahar, na ce bari a jawo mata wuta daga batirin babur.

Ƙanin matata, mai gyaran wutar gidaje, ya ce, "Yaya, ina raye ka kai wa bakanike? Wuta ai wuta ce." Ya jawo igiyar wuta kai tsaye, ba fis ɗin da zai katse wuta in ta haɗu, ya matse ta a wuyan babur, ya naɗe ta a jikin marigayi da salatif, tsaf kamar a bangon ɗaki. Bango dai ba ya juyawa. Kan babur kuwa juyawa ne aikinsa, kowace kwana sai ƙarfe ya ɗan ci igiyar.

Ranar da abin ya faru, na karya kwana sai na ji "tsss". Hayaƙi ya tashi. Ina kallo marigayi ya narke, ya buɗe hannuwansa, a karo na farko ya saki wayar. Na tsaya ina hura masa iska da baki, motoci suna ta min ham. Abin da na iya ke nan.

Ya rasu ya bar waya mai fasasshen gilashi, da batir da ke kwance a wurin bakanike, da ni. Ya kuma bar magajinsa, sabon mariƙi mai ƙyalli wanda bakinsa ya yi wa ƙarfen babur ɗin yawa. Da mun taka rami sai ya sunkuyar da kai, taswira ta koma kallon tanki. Yanzu wayar tana aljihu. Kowace mararraba sai na tsaya na duba, na wuce, na dawo. Maigida ya ce in na ƙara makara, in ajiye masa makulli.

Ƙanin matata ya zo gaisuwa, ya ci abinci, ya ce dama kwana ne ya ƙare. Abokin wasa ne, kuma yayarsa tana zaune. Na amsa da amin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan shagon bakanike, cikin buhun tarkace. Ba a buƙatar mai gyaran wutar gida. Duk wanda zai halarta, don Allah ya biyo ta gida ya wuce gaba in bi shi, domin marigayi ne ya san hanyar wurin.