Ranar da Mai Sito Ya Riƙe Sandar Kiɗa

Wani mutum ne mai riƙe da makullin sito a wata sakandare. Aikinsa raba alli da tsintsiya da gyaran kujerun da suka karye. Ba shi da wani aibu sai cika baki. Kullum aka fita tara sai ya shiga ɗakin malamai ya ja kujera, ya ba su labarin yadda ya yi shekara bakwai a badujalar 'yan sanda. Gaskiyar magana kuwa, sau ɗaya ya taɓa kusantar badujala, ranar da motarsu ta mutu a ƙofar gidansu ya taya su turi.

To makarantar tana da ajin kiɗa, da masu goge da masu ƙaho da ganguna da ƙungiyar mawaƙa, duk a hannun wata malama. Saura kwana uku bikin ba da kyaututtuka sai haihuwa ta zo wa malama ba shiri. Ga kuma sufeto zai zo daga ma'aikatar ilimi, shi zai yanke ko a bar ajin kiɗa ko a mayar da ɗakin wurin ajiye littattafai. Shugaban makaranta ya rasa inda zai sa kansa, sai ya tuna da labarin badujala. Ya aika aka kira mutumin, ya danƙa masa siririyar sandar malama, ya ce martabar makaranta tana hannunsa.

Mutumin ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ga malamai shida sun zuba masa ido. Ya karɓi sanda ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Ya shiga ɗakin kiɗa ya tarar ɗalibai suna daidaita kayansu, wannan ya ja goge, wancan ya hura ƙaho, kowa da nasa. Ya tsaya ya goya hannu yana kaɗa kai. Da suka yi shiru ya tafa musu, ya ce wannan waƙa ta yi, ita za a fara yi wa sufeto. Shugabar ɗaliban ta ce ai ba su fara ba tukuna. Ya ce ya sani, gwada su yake yi.

Suka fara. Nan idonsa ya faɗa kan wata yarinya mai dogon ƙaho, tana tura bututunsa gaba tana jawo shi baya. Ransa ya ɓaci, ya ce haka ake barin kayan makaranta suna lalacewa ba wanda zai kai rahoto sito. Ya ciro waya daga aljihu ya ɗaure bututun tamau. Yarinya ta hura, ƙaho ya yi kukan saniya.

“Kin ji yanzu ya tsaya wuri ɗaya,” in ji shi.

Can baya kuma ya hangi wani ƙato riƙe da faifan tagulla biyu, a tsaye, bai buga komai ba. Ya tambaye shi dalili. Ƙaton ya ce sau ɗaya ake buga su, a ƙarshen waƙa. Mutumin ya ce shi a zamaninsu na badujala ba a ɗaukar malalaci, ya ba shi tsintsiya ya ce ya riƙa shara kafin lokacinsa ya yi.

Da aka zo kan mawaƙa abin ya ƙara rikicewa. 'Yan mata suka fara, sai da suka yi nisa maza suka shigo daga farko. Ya tsayar da su ya ce duk wanda ya sake makara zai yi tsallen kwaɗo. Masu kaurin murya kuwa ya ce mura ce, ya tura su wajen nas su huɗu. Nas ta dawo da su da kanta, ta ce in ya sake cika mata ɗaki da ƙattai masu lafiya shi za ta yi wa allura.

Da ya koma gida matarsa ta same shi gaban madubi yana kaɗa ludayi. Ta ce ya je ya faɗi gaskiya tun kafin a kore shi a gaban jama'a. Ya ce ta bari, ya lura ba wani abu malama take yi ba illa korar ƙuda da sanda, kuma shi tun yana yaro ya iya korar ƙuda.

Ranar biki zauren taro ya cika da iyaye. Ɗalibai sun kwance wayar ƙaho a ɓoye, sun kuma yi shawara a tsakaninsu cewa abin da malama ta koya musu za su bi, ido a kan sanda, in ta yi sama a ɗaga, in ta yi ƙasa a sassauta, in ta yi sauri a bi ta. Mutumin ya hau dandamali cikin kwat ɗin aro, hannun rigar ya rufe masa yatsu. Ya waiga ya ga sufeto a kujerar gaba da biro a hannu. 

Ya ɗaga sanda, hannu na rawa. Masu goge suka ga sanda tana kakkarwa, suka shiga a hankali da wani sauti mai rawa. Zaure ya yi tsit.

Sai ga wata rina ta shigo ta taga, ta yi ta kewaya kansa. Ya kai mata duka ta dama, masu ƙaho suka ɗauka. Ya kai ta hagu, ganguna suka shigo. Ta nufo hancinsa ya durƙusa, kiɗa ya yi ƙasa kamar raɗa. Ta bi ta bayan kunnensa ya yi tsalle, mawaƙa suka ɗaga murya gaba ɗaya. Da ta faɗa cikin wuyan kwat kuwa, sai ya shiga juyi da hannu biyu a sama, ido a rufe, baki a buɗe, ɗalibai na binsa da gudu kamar ana korarsu. Ta harbe shi a ƙeya, hawaye suka zubo. Wata uwa a layi na biyu ta gani, ita ma ta fashe da kuka.

Can rina ta faɗo kan dandamali. Ya ɗaga ƙafa ya take ta da iyakar ƙarfinsa. Ƙaton nan na baya ya ga haka, ya haɗa faifan tagulla, tau! Komai ya tsaya cak.

Zaure ya kaure da tafi. Sufeto ya miƙe tsaye, ya ce shekara ashirin yana yawon makarantu bai taɓa ganin wanda kiɗa ya shiga jikinsa haka ba. Ya ce ajin kiɗa ya zauna daram, amma yana da roƙo ɗaya, a maimaita waƙar nan yadda take don a ɗauka a bidiyo a nuna wa sauran makarantu.

Shugaban makaranta ya hau dandamali bakinsa har kunne, ya ga mutumin a tsaye yana dafe da ƙeya, sanda a ƙasa.

“Ɗauki sandarka mana, malam. Ba ka ji abin da sufeto ya ce ba?”

Mutumin ya ɗaga ƙafa ya leƙa.

“Yallaɓai, ba zai yiwu ba. Wadda ta san waƙar ga ta nan a ƙasan takalmina.”