Filin Asibitin da Na Zaɓa da Rani

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba cikin damina ba, farkon dawowar mulkin farar hula, kuma ko na so in manta abokan aikina ba za su bari ba. Lokacin ina sabon ma'aikaci a sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu a Katsina. Na dawo daga jami'a da digirin tsara birane, ina ji da kaina kamar ni na kafa garin. Ni haifaffen Katsina ne, amma a kwatas ɗin ma'aikata na tashi, cikin gari kuwa sai da sallah ake kai mu gaida dangi. (Wannan shi ne kaɗai uzurina, kuma na san bai da ƙarfi.)

Da sabon Ciyaman ya zauna, sai ya ce ya gaji da aikin kame-kame. Yana son tsari na shekara goma a rubuce: ina za a yi asibiti, ina za a yi rumfunan kasuwa, ina magudanan ruwa za su bi, wanne za a fara, wanne zai jira. Aka duba ofis kaf, ni ne mai takardar abin. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

A shekarun farko na tsarin, ƙaramin asibiti ɗaya tak za a iya ginawa, na biyu sai shekara ta takwas. Kansiloli biyu suka sa shi gaba. Akwai Alhaji Mamman, ɗan kasuwar hatsi a Babbar Kasuwa, wanda ya yi wa matan unguwarsa alkawarin ɗakin haihuwa, don ya sha ganin ana ɗora mai naƙuda a bayan mashin. Akwai kuma Kansila Garba, wanda shi ma yake so a kai mazaɓarsa. Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe Alhaji Mamman ya yi nasara. Sauran aiki nawa ne, in nemo fili.

Na shiga unguwar da tsakar rani, da tef ɗin awo da hular kwano. Ban gaida mai unguwa ba, ban tambayi kowa komai ba. Can ƙarshen wani lungu na ci karo da wani makeken fili, babu gini babu shuka, ƙasar ta bushe ta tsattsage. Na lura ya ɗan yi kwari, amma sai na ce a raina, ai Allah ne ya rage mana wahalar haƙa harsashi. (Ku yi dariyarku, na yafe.) Na auna, na kafa turaku huɗu, na shafa musu jan fenti, na koma ofis na zana asibiti har da wurin ajiye motoci.

Ranar da na baje taswira gaban majalisa, na yi Turanci har da wanda ni kaina ban tabbatar da ma'anarsa ba. Kansiloli sai gyaɗa kai suke yi. Da aka tashi, Alhaji Mamman ya jawo ni gefe, ya rage murya.

"Injiniya, ni hwa ban iya karatun zanen ga ba. Hilin dai na bayan makarantar firamare ne ko?"

Da na tsaya na saurare shi, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma sai na yi murmushin masana na ce, "Alhaji, ka bar wannan a hannunmu. Kai dai ka shirya yanka zare." Bawan Allah ya yi mini godiya har da addu'a.

To, a zamanin soja takarda kawai ake sa wa hannu a wuce. Farar hula kuwa sai sun je jama'a sun gan su. Ciyaman ya ce kafin a amince da tsarin, zai zagaya ya ga kowane fili da idonsa, kuma da na asibiti za a fara. Lokacin damina ta yi nisa, an kwana uku ana ruwa.

Ranar Larabar zagayen, na sha farar shadda wadda na ɗinka musamman, na naɗe taswira a hammata. Muka sauka bakin makarantar firamare muka tarar unguwa ta cika: dattawa, ƙungiyar mata da anko, makaɗa da maroƙinsu. Alhaji Mamman ya kama hannun Ciyaman zai nufi bayan makaranta, sai na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, ba nan ba ne. Ku biyo ni."

Na shige gaba, jama'a suka biyo ni cikin lungu, kiɗa na tashi, maroƙi na cewa ga injiniya ɗan boko mai gani har hanji. Na ga Alhaji Mamman yana ta waige-waige, fuskarsa ta canza, amma na ɗauka zumuɗi ne. Muna fita ƙarshen lungun na tsaya cak.

Ruwa ne, jama'a. Ruwa shimfiɗe tun daga gabanmu har bangon gidajen can ƙetare, kainuwa ta rufe rabinsa, agwagi na yawo a kai hankali kwance. Ashe tsohon kududdufi ne, inda kakanninsu suka ɗebi ƙasar gina unguwar. Kowane mahaluki a wurin ya san haka, ban da wanda ya yi shekara biyar yana karatun abin.

Kiɗa ya mutu. Wata tsohuwa daga cikin masu anko ta matso ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, mi za a yi nan? Mu za mu haihu ciki ko kwaɗi?"

Mai hankali a nan zai ce ya yi kuskure. Ni kuwa girman kai ya ce mini ban gama ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan jiya ne ya ɗan kwanta, bai wuce idon sawu ba. Bari in nuna maka turken." Na tattare wando na taka. Taku na farko idon sawu, kamar yadda na faɗa, har na juyo na yi wa Ciyaman murmushi. Taku na biyu gwiwa. Na uku ban san yadda aka yi ba, sai ji na yi tsundum, ruwa iya ƙirji, laka ta riƙe ƙafafuna, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Na ɗaga taswirar sama da hannu biyu, kainuwa a kafaɗa, agwagi suka watse suna tsiwa.

Dariyar da aka yi, na rantse har Ƙofar Durbi sai an ji ta. Shi kansa Ciyaman ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Alhaji Mamman. Idonsa ya yi ja, ya kasa kallon matan da suka zo dominsa.

Nan Kansila Garba ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda nan babu hili, mu wajenmu tudu ne. A maida aikin can, su sai su jira na gaba."

Na gaba fa shekara takwas ke nan. Sai na ji kunyar jiƙewa ta zama wasa, wata ta daban ta kama ni, don wautata ce za ta raba matan nan da asibitinsu. Daga cikin ruwan na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kada a hukunta unguwa da laifina. Suna da fili a bayan makaranta. Alhaji ya tambaye ni tun farko, ni ne na raina tambayar. Da rani na zo, kuma ban gaida kowa ba."

Ciyaman ya sa aka miƙo mini gora aka jawo ni, ina ɗigar laka. Ya ce, "To Injiniya, shi hilin bayan makarantar, mi ka zana a kanshi?"

Na buɗe taswira, na duba, na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce a hankali, "Wurin shaƙatawa ne, ranka ya daɗe. Da tafkin ado a tsakiya."

"Tafki? Na ruwa?"

"Na ruwa, ranka ya daɗe. Za a haƙa a jawo famfo."

Wannan karon bai ɓoye dariyar ba, har da hawaye. Da ya nitsa ya ce, "To ai aiki ya yi sauƙi. A yi musaya. Asibiti ya koma tudu, tafkinka kuwa ga shi nan, har ka riga kowa buɗe shi."

Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka dawo da kiɗa, Alhaji Mamman ya rungume ni duk da lakar, babbar rigarsa ta tashi daga aiki. A bayan makarantar aka gina asibitin, kuma yana nan har yau.

Tun daga ranar, duk filin da aka ce in tsara, sai na nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar, in durƙusa in gaishe ta, in tambaye ta abin da wurin yake zama in ruwa ya sauka. Digirina yana nan rataye a bango, amma ban taɓa jin ya amsa mini wannan tambayar ba.